Ko Kun Sani? Jinjirin Wata Uku a Cikin Takarda

Da yawa daga cikin tsofaffin littattafan da malamanmu suka rubuta da hannu, irin waɗanda ake adanawa a Gidan Arewa da ke Kaduna, a kan takardar Italiya aka rubuta su. Idan aka ɗaga warƙa ɗaya aka haska ta da rana, sai a ga hoton jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, ba da tawada aka zana su ba. A wancan zamani, masana'antun yankin Benis na Italiya ne suke saƙa siririyar waya a jikin mazubin da suke zuba takardar, wurin sai ya fi sauran sirantaka, haske ya riƙa ratsa shi. Sun zaɓi jinjirin wata ne domin jawo masu saye a ƙasashen Musulmi. A lokacin, daga Tarabulus ayarin raƙuma ke ratso Sahara da takardar har kasuwar Kano. Da wannan alama masana ke kintatar shekarun littafin da ba ya ɗauke da kwanan wata.