Ina Ruwan Lagireto Ya Ke Tafiya? Jawabi Ga Direbobi Da Masu Manyan Motoci

An shirya wannan jawabi ne domin direbobi da masu tsofaffin motocin lodi, irin su Bedford da Mercedes 911, waɗanda a kan gani ɗauke da hatsi ko itace a hanyoyin ƙauye. Sau da yawa direba ya kan ga ruwan lagireto yana raguwa, sai ya riƙa ƙarawa kullum, bai tambayi inda ruwan ya ke zuwa ba. Wani kuma da ya ga haka sai ya ce gaskit ya ƙone, ya sa a kwance inji, alhali kuwa tiyo ne ya tsage. Dukansu biyu hasara su ke jawo wa kansu. Abin da ya kamata shi ne a gano hanyar da ruwan ya ke bi tukuna, sa'an nan a taɓa sifana.

Aikin ruwa da aikin gaskit

Famfon ruwa shi ke tura ruwa ya zagaya jikin inji, ya kwaso zafi, ya kai lagireto inda fanka ke fifita shi. A bakin teku ruwa ya kan tafasa a digiri 100, amma a tudu kamar Jos, inda tsawon ƙasa ya kai wajen mita 1,200, ya kan tafasa tun a wajen digiri 96. Saboda haka aka yi wa murfin lagireto sifirin da roba, don ya matse ruwan, gama ruwan da ke matse ba ya saurin tafasa. Murfin da ya gaji, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, ya isa ya sa mota ta zubar da ruwa a kan hawa.

Shi kuwa gaskit, wani faifai ne siriri da a ke shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Abu uku ya ke rabawa: wutar da ke cikin silinda, da ruwa, da baƙin mai. A injin gas, fistin ya kan matse iska har ta koma kashi 1 cikin 16 ko 17 na girmanta, kuma gaskit ne ke tare duk wannan ƙarfi. Idan inji ya yi zafi fiye da kima, ƙarfen kan inji ya kan lanƙwashe kaɗan, gaskit ya sami inda ya saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A fara da duban waje

Ruwa hanya uku ya ke da ita ta fita: ko ya yi yoyo a waje, ko ya tafasa ya fita ta bututun ambaliya, ko kuwa ya shige cikin inji. A fara da ta farkon, don ita ce mafi sauƙin gyara.

1. A ajiye mota a busasshen wuri ta kwana, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, a duba da safe.
2. A bi kowane tiyo da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi, ko ya bushe ya tsattsage, a sake shi.
3. A duba ƙarƙashin famfon ruwa. Akwai wani ɗan rami a wurin. In yana ɗiga, to robar cikin famfon ta mutu.
4. A duba jikin lagireto da ƙananan marufan ƙarfe da ke gefen inji. Farin zane ko jan tsatsa alama ce ta yoyon da ke bushewa kafin ya kai ƙasa.
5. A taɓa fambel a ji ko ya saki. A kuma duba ko ƙurar hunturu, ko ƙaiƙayi, ko auduga sun toshe fuskar lagireto.

Makanikin da ke da famfon gwaji ya kan ɗaura shi a bakin lagireto, ya hura iska daidai lambar da ke rubuce a murfin. Idan allurar ta riƙa sauka amma ba a ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, to ruwan ciki ya ke shiga.

Alamun ƙonewar gaskit

Na farko, farin hayaƙi mai kauri daga salansa, wanda ba ya ɗaukewa ko da inji ya yi ɗumi. Ɗan tururin da a ke gani da asuba lokacin sanyi ba shi ne abin tsoro ba. A sa tafin hannu nesa kaɗan da bakin salansa: hayaƙin ruwa ya kan bar laima, na man gas da bai ƙone ba kuwa ya kan yi wari ya sa ido yaji.

Na biyu, kumfa. Sa'ad da inji ya ke da sanyi, a cire murfi, a cika lagireto, a tada mota. In kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa in an taka totur, to hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Haka kuma in babban tiyo na sama ya yi tauri jim kaɗan da tada mota, tun ruwa bai yi zafi ba.

Na uku, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kuwa ya haura alamarsa a sandar awo ba wanda ya ƙara. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka in mota ta kwana, a sassauta notin juye mai a hankali. In akwai ruwa, shi zai fara fitowa.

Na huɗu, inji ya riƙa ɗingishi da safe, ko ya ƙi juyawa sam ga batir da ƙarfinsa. A nan lalle ne a yi hattara. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya taru a kan fistin, aka tura mota ko aka ja ta don ta tashi dole, sandar fistin za ta lanƙwashe, aikin kwana biyu ya koma na wata guda.

Kada a yanke hukunci da alama ɗaya. A wasu injuna akwai akwatin sanyaya mai, wanda in ya huje shi ma ya kan gauraya mai da ruwa. Injin iskar birki, in ruwa ne ke sanyaya shi, ya kan jawo kumfa. Tsagewar kan inji ma kamanninta ɗaya da na gaskit. Gwaji biyu ne ke raba gardama. Akwai wani ruwa shuɗi da a ke sa wa a kwalba bisa bakin lagireto, wanda ke rikiɗa ya koma rawaya ko kore in hayaƙi ya ratsa shi. Akwai kuma awon matsin silinda ɗaya bayan ɗaya: in biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, galibi gaskit ya ƙone ne a tsakaninsu.

In mota ta yi zafi a hanya

A ratse, a tsaya. Kada a buɗe murfi sai an iya riƙe babban tiyo da hannu, domin tururi ya kan ƙona fuska da ƙirji. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa. In ya huce, a tada shi, a riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan. Gara kaya su makara a kasuwa da a bar mota a daji.

Wajen gyara

In an tabbata gaskit ne, a lura da abu huɗu. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan inji a auna. In ya lanƙwashe fiye da yadda littafin motar ya yarda, a kai a goge shi a injin gyara. Kada a mai da tsohon gaskit, ko da ya yi kama da mai kyau. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, mataki mataki, da sifana mai awo. A ƙarshe a juye baƙin mai, a sake matatarsa.

Har wa yau, mai mota ya tambayi makanikinsa abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko. In lagireto ne ya toshe, ko famfo ya gaji, aka bar su yadda su ke, sabon gaskit ɗin ma ba zai daɗe ba. Ruwan rijiya mai gartsi da ruwan kududdufi su ke tara dattin da ke toshe lagireto. A yi amfani da ruwa mai tsabta haɗe da maganin lagireto, wanda ke hana tsatsa. Amma a sani maganin nan guba ne, ga shi kuma da zaƙi, saboda haka a ɓoye shi daga yara da dabbobi.

Kowace safiya, kafin a tada mota, direba ya duba ruwa da baƙin mai da idonsa, kada ya bar wa yaron mota. In ya ga yana ƙara ruwa kwana biyu a jere, to ranar nan ya fara bincike. Rigakafi ya fi magani.