Uwargida, Yaranki Sun Taɓa Ganin Badala?

Ranar wata Asabar a hutun makaranta na ɗebi yarana uku, da izinin maigida, muka nufi Ƙofar Gadon Ƙaya. Muna sauka daga a-daidaita-sahu sai autana ya nuna wani dogon tudun jar ƙasa, awaki na kwance a kansa, ya ce, "Umma, wa ya zubar da ƙasa a nan?" Wallahi kunya ce ta kama ni. A cikin birni aka haife shi, amma bai san ganuwar Kano yake kallo ba.

Laifin namu ne iyaye. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ta. Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya gina gidan Sarki ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, shi ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara mata faɗi a zamanin Muhammadu Nazaki. Duk da hannu aka yi, da ƙasa da ruwa da tubali. Yawancin kududdufan da muka taso muna gani a gefenta ramukan da aka haƙi ƙasar ne. A da, in rana ta faɗi sarkin ƙofa ya rufe ƙyaure, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Haka take tsaye har 1903 da sojojin Turawan Ingila suka shigo garin.

Yanzu fa? Damina na cin ta ta sama, mutane na cin ta ta ƙasa. Wani ya ɗebi ƙasar ya yi yaɓe, wani ya kafa shago, wani ya mai da gindinta bola. Tsohuwar Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe ta saboda faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Akwai wuraren da in ba tsohuwa ce ta gaya miki ba, ba za ki san badala ta taɓa bi ta nan ba. Tun 2007 sunanta ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, amma suna a takarda ba ya tare ruwan sama.

A Faransa akwai wani tsohon birni mai ganuwa, Karkason, da hukuma ta so rushewa a 1849. Mutanen garin suka ƙi, aka gyara, yau baƙi daga ko'ina suke biyan kuɗi su gani. Tasu ta dutse ce, tamu ta ƙasa, shi ya sa tamu ba ta iya jira.

In za ki je, 'yar'uwa, ki fita da sassafe kafin rana ta buɗe. Ki riƙe ruwan sha, yara su sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da kwalba, kada kuma ki bar su su hau inda ya tsage. Mu daga nan Gidan Makama muka wuce, inda aka ajiye tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari. Nan autan nawa ya tsaya yana shafa ƙarfen, sai da yayarsa ta jawo hannunsa.

Da muka dawo gida kakarsu ta zaunar da su, ta lissafo ƙofofi daga Nasarawa har Kansakali, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ni kam a ta tara na tsaya.