Gwandar da ke son sanyi da gwandar da muke da ita

Masu ilimin harshe sun daɗe da sanin cewa sunan itace yakan riga itacen isa gari, wani lokaci ma ya sauka a kan wani itacen daban. Kalmar pawpaw misali ce. A Turancin Nijeriya gwanda take nufi, amma a bakin Amurkawa sunan wata bishiya ce, Asimina triloba, wadda ba ta haɗa dangi da gwandarmu ba. A kan wannan ruɗani ne wasu ma'aikata masu sha'awar lambun gida suke sayen iri ta intanet, don sun karanta cewa an sami gwanda mai jure sanyi, suna zaton ita ce maganin hunturun Paki da Makarfi da Kudan.

Jurewar gaskiya ce, domin bishiyar tana rayuwa inda ruwa ke daskarewa. Sai dai sanyin nan abincinta ne. Irinta ba ya tsira sai ya kwana 70 zuwa 100 cikin sanyi da danshi, ita kuma uwar tana buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da ke ƙasa da digiri 7 kowace shekara kafin ta yi fure yadda ya kamata. Hunturun ƙasar Ikara, duk da fasa leɓe da kaushin da yake jawowa, bai kai nan ba. Bugu da ƙari, ana son bishiya biyu mabambanta kafin a sami 'ya'ya, kuma wanda ya shuka iri zai jira shekara 5 zuwa 8. Jami'ar Jihar Kentaki ta Amurka tana bincike a kanta tun 1990, amma domin manoman ƙasarsu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, 'yar'uwar wannan bishiya tana nan a bakin gonakinmu. Ita ce gwandar daji, Annona senegalensis, danginsu ɗaya. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo gwandar gida da sunan gwandar Masar, wato baƙuwa ce kamar masara, asalinta Amurka ta Tsakiya. A ganina ta daji ce mai sunan tun farko, baƙuwar ta zo ta karɓe, aka bar 'yar gida da laƙabi. Yau kuwa faɗaɗa gonakin rake da tumatir da masara yana cinye sauran dajin da take fitowa, har yaran birni da dama ba su san ɗanɗanonta ba.

Mai son gwanda a tsakar gida a Paki, ta gida ta ishe shi in ya san halinta. A dasa ta da faɗuwar damina, domin ta yi ƙarfi kafin sanyi ya tsayar da girmanta. A zaɓi bayan katangar da ke tare iskar arewa maso gabas, a kan tudu, saboda kwanciyar ruwa ta kwana biyu tana ruɓar da saiwarta. A bar tsiro uku a rami har su yi fure, sannan a cire maza, namiji ɗaya ya wadatar da mata goma. Cikin shekara guda za a ci. Idan akwai sauran fili, a kawo irin gwandar daji daga gona a shuka kusa da ita.