Harshen banki da kuɗin ruwa: abin da ke ɓoye cikin takardar bashi

A birnin Maraɗi ana ciniki da Hausa, ana lissafi da dala da jika, amma idan an je banki sai Faransanci. Wanda ya ƙetare Jibiya zuwa Katsina ko Kano kuma Ingilishi zai tarar. Nan ne ɗan kasuwa kan sa hannu a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba.

Ranar 12 ga watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tamma ɗaya ta Faransa da ake saye da dala 10 ta koma dala 20. Duk alhajin da ake bi bashin kuɗin waje ya wayi gari bashinsa ya ninka, alhali kuwa bai taɓa jin sunan abin da ya same shi ba.

Kuɗin ruwa ma yana da irin wannan haɗari. Ruwa iri biyu ne: tsayayye, wanda ba ya canzawa har a gama biya, da mai motsi, wanda ke bin hawa da saukar kasuwa. Misali, bashin miliyan 10 bisa kashi 8 cikin ɗari, ruwansa jika 800 ne a shekara. In ya hau kashi 11, sai miliyan 1 da jika 100. Kalma guda cikin takarda ita ke rarrabe su. A 2014 ƙasashen UEMOA suka sauko da iyakar ruwa zuwa kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusai, amma wanda bai san doka ba, ba zai nemi haƙƙinsa ba.

Hausa ba ta gaza ba. Manomin fadamar Jiratawa da ɗan kasuwar Tsibiri sun san jari, da riba, da jingina, da lamuni. A 1991 ƙungiyar CARE ta kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke zubi suna ba juna rance da harshensu, kowace ta san abin da za ta mayar.

Saboda haka ɗan kasuwa da ma'aikacin da ke jingina albashinsa, kafin su sa hannu, su nemi a faɗa musu da Hausa: ruwan nawa ne, tsayayye ne ko mai motsi, kuma nawa za a biya gaba ɗaya.