Yaron da Ke Kwana da Takalmi a Ƙafa

Wata uwa a Daudawa ta ce mini ɗanta mai shekara goma sha huɗu ya daina cire takalmi idan zai kwanta. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, duk a banza. Ranar da ta matsa masa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in suka zo fa?"

Duk wanda ya zauna a Faskari, Sabuwa ko Ƙanƙara ya san su waye "su". A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Waɗancan ɗalibai sun zama samari yanzu. Amma ƙannensu, da 'ya'yan maƙwabta da suka ji labarin suna firamare, su ne matasan yau, kuma sun tashi ne suna iya bambance ƙarar babur ɗaya da ta babura goma tun daga nesa.

Tsoro ba ciwo ba ne, da shi Allah ke tsirar da bawa. Idan mutum ya hango haɗari, jiki kan saki sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, ƙafa ta shirya gudu. Matsalar ita ce idan haɗari ya daɗe, jiki kan manta yadda ake saukowa. Sai yaro ya zauna cikin aji lafiya lau, gabansa na ta faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba na sahun gaba.

Matashi ba ya cewa "ina cikin fargaba." Cikinsa ne zai riƙa ciwo duk safiyar makaranta. Yarinya za ta daina cin tuwo, ta riƙa zabura idan murfin tukunya ya faɗi. Wani ya koma fitsarin kwance, wani ya zama mafaɗaci. Mu kuma sai mu ce lalaci ne, ko rashin kunya, ko iskoki. A yi addu'a, a yi tofi, babu mai hanawa. Amma bulala ba ta taɓa korar firgici ba, sai dai ta koya wa yaro ɓoye shi. Daga nan ne aboki zai miƙo masa tiramol ya ce sha ka samu barci.

Ga inda al'adarmu ke da nauyi, ga kuma inda take da mafita. Uba ba ya zama hira da ɗansa, uwa tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. To wa yaron zai faɗa wa? Kaka mana. Wasan jika da kaka ƙofa ce a buɗe: tsohuwar da ke tsokanar jikanta da "mai gidana" za ta ji abin da uba ba zai taɓa ji ba. Haka kawu, haka goggo. A tura yaro wurinsu da gangan, a bar su su yi sussukar masara tare, domin magana ta fi fitowa idan hannu na aiki kuma ba a kallon ido.

Idan ya buɗe baki, kada a ce masa "ba komai." Ya san akwai komai, zai gane ana ruɗinsa. Gara a gaya masa shirin gida: in an ji harbi ga inda za a bi, ga wanda zai ɗauki ƙaramin. Idan numfashinsa ya sarƙe, a zauna kusa da shi a ja iska a hankali tare, fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Manya kuma su rage lissafin gawawwaki a tsakar gida, su daina miƙa wa yara bidiyon WhatsApp. Sau da yawa mu ne gidan rediyon tsoronsu.

Idan abin ya kai makonni yana hana barci da karatu, ko yaro ya fara zancen gara ya mutu, a garzaya asibiti, ko da na Funtuwa ne, a nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Shi yaron Daudawa, kawunsa ne ya riƙa tafiya da shi gonar auduga. Har yanzu takalmin na kwana a gefen tabarma, inda hannu zai kai cikin duhu, amma ya fita daga ƙafa.