Takunkumin Ciniki Ya Sa Tailan Ta Gyara Kasuwar Hauren Giwa

A shekarar 1979 an ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1 da dubu 300, amma kafin shekara goma ta cika sai da suka ragu da kamar rabi, saboda kisan da mafarauta suke yi musu don haurensu. Wannan ɓarna ce ta sa ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji da tsirrai tun 1975, suka taru a Lausanne ta ƙasar Suwizalan a 1989, suka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasa da ƙasa.

To, amma ita wannan yarjejeniya ba ta da soja, ba ta da ɗan sanda. Babban makaminta shi ne takunkumi, watau kwamitinta na dindindin ya shawarci sauran ƙasashe su daina cinikin duk dabba ko tsiron da yarjejeniyar ta ƙunsa da ƙasar da ta yi kunnen ƙashi.

Labarin Tailan ya isa misali. A can, wata doka ta 1939 ta lissafa giwar gida cikin dabbobin ɗaukar kaya, saboda haka sayar da haurenta bai saɓa wa doka ba. 'Yan fasa-ƙwauri kuwa sai suka samu ƙofa: a shigo da hauren Afirka a ɓoye, a sassaƙa awarwaro da 'yan gumaka, a baza su a kantunan Bankok da sunan na gida ne. Mai saye ba shi da hanyar bambancewa.

A taron da aka yi a Bankok ɗin a watan Maris na 2013, Firayim Minista Yingluck Shinawatra ta yi alkawarin kawo ƙarshen wannan ciniki, sa'an nan aka sa Tailan cikin ƙasashe takwas da aka nemi su kawo tsarin gyara. Da aka ga alkawari bai zama aiki ba, sai kwamitin ya zauna a Janiba a watan Yulin 2014, ya ba ta wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2015, in ba haka ba a ƙaƙaba mata takunkumi.

Nan fa hankali ya tashi, domin Tailan tana samun kuɗi masu yawa wajen sayar wa duniya furannin okid da fatun kada, kuma duka biyun suna ƙarƙashin yarjejeniyar. Manomin fure wanda bai taɓa riƙe haure ba shi ne zai fara asara. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kuma ƙasar ta riga ta ɗanɗana irin wannan hukunci a 1991. A farkon 2015 aka kafa sabuwar dokar haure, aka haramta sayar da na Afirka, aka tilasta wa kowa ya yi rajistar wanda ke hannunsa. A watan Afrilu ma'aikatan kwastan suka kama kamar tan bakwai a kamu biyu, a watan Agusta kuma aka niƙa wajen tan biyu aka ƙone a bainar jama'a.

Nijeriya ma ba ta tsira ba. A watan Maris na 2015 an sa mata takunkumi tare da Laos da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango saboda rashin miƙa nasu tsarin a kan lokaci, aka ɗage shi bayan ta miƙa. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙa tan biyu da rabi na haure a Abuja.

Sai dai takunkumi gwamnati yake matsa wa, ba ya kama ɗan fasa-ƙwauri da kansa. Kuma ƙarfinsa ya dogara ga yawan halaltaccen cinikin da ƙasa take tsoron rasawa. Wadda ba ta da irin furannin Tailan tana iya miƙa takarda ta koma barci. Tsirar sauran giwayen Yankari da na dazuzzukan Kwango tana hannun ɗan kwastan mai amana a tashar jiragen ruwa, da alƙalin da ba zai sallami mai tan guda na haure da 'yar tara ba.