Abin da Ya Kamata a Duba Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Sabuwar RAM

A ofisoshin ƙaramar hukumar Wudil da shagunan buga takardu na Sabon Gari, har yanzu akwai tsofaffin kwamfutocin tebur da ke ɗauke da muhimman bayanan jama'a. Idan kwamfuta ta yi nauyi, akan ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita. Sau da dama bayan ƙarin sai ta ƙi tashi, har a yanke mata hukuncin mutuwa, alhali matsalar ƙarama ce.

Da farko a tabbatar da nau'in RAM ɗin. DDR2 da DDR3 duka suna da haƙora 240, amma tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, kuma DDR2 na amfani da bolt 1.8 yayin da DDR3 ke amfani da 1.5. Tilasta ɗaya a gurbin ɗaya na iya lalata babban allon kwamfutar.

Na biyu, kowane allo yana da iyakarsa. Mai ɗauke da Intel G31 ba ya karɓar fiye da gigabait 4. Haka nan Windows mai bit 32 ba ta amfani da fiye da kimanin gigabait 3.5, ko nawa aka sa.

Idan an kunna ba a ga komai ba sai ƙara mai maimaituwa, a cire wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke cajin jiki, musamman lokacin hunturu. A fitar da RAM, a goge haƙoranta da magogin fensir, a hure ƙurar gurbin, sannan a danna ta har makullan gefe biyu su kama. A gwada guda ɗaya a kowane gurbi kafin a haɗa su. Bayan ta tashi, a gudanar da manhajar MemTest86 don gano mai lahani.

Ana kira ga jami'ai da su kwafe bayanansu kafin a buɗe kowace kwamfuta. A kuma tuna cewa Microsoft ya daina bai wa Windows 7 kariya tun Janairun 2020, don haka ƙarin RAM ba zai kare ta daga masu kutse ba.